Hannu Ɗaya a Ƙasa

Kilo biyar da rabi na faɗo, in ji Vernetta, uwata,
a wani ƙaramin asibiti kusa da kogin Yazoo.
Ungozoma ta ɗaga ni ta ce,
wannan sai da ya ci tuwon rana ya taho.

Ina sha huɗu takalmin babana ya matse ni.
Koci Delcambre ya hango ni a gonar tarwaɗa
ina sauke buhu bibbiyu daga akori-kura,
ya taka birki, ko sallama babu:
"Yaro, ɗan gidan wa?"

Abin da ya koya mini bai cika tafi ba.
Dafa ƙasa da hannu ɗaya.
Ƙanƙan da kai, wanda ya fi duƙawa shi ke ɗaga wani.
Kada ka saurari bakin kowa, kalli ƙwallo,
ta motsa, ka motsa.

Jami'a ta ba ni lamba casa'in da biyu
da gadon da ƙafafuna suka zarce.
Ƙarfe biyar muna ɗaga ƙarfe,
ƙarfe takwas ina gyangyaɗi a ajin tarihi.
Ran Asabar mutum dubu saba'in su buɗe maƙogwaro,
ni kuwa a cikin kwalkwali
numfashina kawai nake ji, da warin ciyawa.

Aikina in haɗiye ƙatti biyu,
in tsaya kamar turmi a tsakar layi,
wani siriri ya sulale ta bayana ya kayar da mai jifa.
Gobe hotonsa a jarida,
gwiwar hannuna a gefen hoton.
Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.
Ban ji haushi ba. To, wani lokacin.

Da lokacin zaɓe ya zo suka auna ni kamar sa a kara:
tsawon dantse, faɗin tafi, har haƙora.
Vernetta ta soya kaji, maƙwabta suka cika falo.
Kwana biyu waya ta yi gum.
Rana ta uku, kaji sun ƙare, baƙi sun sulale,
ta yi ƙara ina wanke kwanuka.
Da kumfa a hannu na zama ɗan wasan kuɗi.

Shekara bakwai. Gari huɗu.
Ban taɓa rataye labule ba.
Allura a kafaɗa kafin wasa, bahon ƙanƙara bayansa,
Litinin in sauko daga bene da baya-baya.

Amma akwai wata Lahadi a Disamba,
dusar ƙanƙara ta shafe layukan fili,
na gabana ya zame, hanya ta buɗe fayau,
na rungumi mai jifa na kai shi ƙasa,
na ji iska ta fice daga ƙirjinsa.
Mai sanarwa ya kira sunana, Tavoris Pellum,
bai ma faɗe shi daidai ba.
Har yau ina ajiye da wannan kuskuren.

Gwiwa ce ta fara magana, ƙas, kamar karan dawa.
Sai wani yaro mai riƙe da takarda ya ƙwanƙwasa:
"Koci na nemanka, ka zo da littafin dabaru."
Baƙar leda suka ba ni in zuba kayana.
Duk shekarun nan, leda ɗaya, ba ta ma cika ba.

Yanzu motar makaranta nake ja.
Yatsuna sun karkace, zoben aure a wuya yake.
'Yata Shalonda ce ke tuna mini inda na ajiye makulli,
jiya sau uku.

Makon jiya, a bakin tafkin tarwaɗa,
na ga wani yaro, wuya kamar kututture,
buhu biyu a kafaɗa, yana fito.
Ƙafata ta nemi birki da kanta.
Yara a baya suka ce, malam, mun makara.