Lamba Arba'in da Bakwai

Kwana huɗu bayan dutsen ya zame
ya haɗiye rabin garinmu a gangaren Andis,
ajin 'yan firamare ya koma ɗakin gawa.
Lissafin ranar Litinin na nan a jikin allo,
ba wanda ya iya gogewa.

Ni aka miƙa wa littafin rajista.
Da haihuwa nake rubutawa, da aure.
Yau kuwa: mace, shekaru kamar sittin,
haƙorin azurfa ɗaya a sama,
kitso biyu ɗaure da zaren ulu ja.
Lamba arba'in da bakwai.

Da rana tsaka wani jami'i ya iso daga babban birni,
takalmansa ba su san laka ba.
Ya toshe hanci, ya ce annoba na tafe,
katafila na jira, rami ɗaya ya isa.

Likitarmu Nélida ta zare safar hannu,
yatsa bayan yatsa.
Ta ce: Ba gawa ke kawo annoba ba, gurɓataccen ruwa ne.
Je ka gyara famfo.
Gwamnatin da ta ƙirga su ranar zaɓe,
ta karɓi harajin dankalinsu a kasuwa,
ba ta gama biyansu ba.
Bashi hanji ne, ranka ya daɗe,
har a cikin hukuma akwai shi.

Muka ɗauki hoton kowa.
Muka yanki gashi, muka ajiye a ambulan.
Zobe, mabuɗi, rabin tikitin mota,
kowanne da jakarsa.

Ranar Asabar wani tsoho ya sauko da sanda,
Teodosio Ccahuana, daga ƙauyen sama.
Bai kalli fuskar ba, babu sauran fuska.
Zaren ya taɓa.
Ya ce: Ni na rina shi. Fortunata ce.
Ya zauna a kan bencin yara,
gwiwoyinsa har ƙirji.

Na rubuta sunan kusa da lambar,
hannuna na rawa, tawada ta ɗiga.

Goma sha tara ba a zo nemansu ba tukuna.
Kowa da kabarinsa, da turken ƙarfe, da lamba.
Taswirar tana cikin akwatin kwano ƙarƙashin gadona,
kwafinta na tura ma'aikatar sau uku.
Mutuwa rigar kowa ce, na sani,
amma ko riga akan tambayi mai ita.

Damina ta kusa.
Kullum da safe nakan bi layin
ina share laka daga lambobin.