Inci Uku

Rana tsaka a bayan Kalgoorlie,
Merv na zaune kan jarka, yana tari.
'Yarsa Narelle na ƙarƙashin mota,
noti huɗu sun ci tsatsa, na biyar ya karye.

"Yanke daga bakin turbo.
Shekara ashirin salansar nan na shaƙe ta."

Ta yanke. Baƙar toka ta zubo mata a ka.
Ta ɗaura sabon bututu, inci uku,
ta bi shi da walda.

Aka murza makulli.
Injin ya yi gyaran murya,
turbo ya saki siririn fito.

Merv ya dafe ƙirji,
inda ƙurar ramin zinariya ta kwanta.
"Ita kam ta huta," ya ce.
"Nawa bututun, ba a sayar da shi."