Kunnen Ƙasa

Shekara uku ina yawo da tsohuwar sandata,
wadda na saya hannun wani direban tirela a Jibiya.
Ba ta da kunya, ba ta da zaɓi.
Murfin kwalba, kuka. Ƙusa, kuka.
Gwangwanin madara mai tsatsa, ta rangaɗa guɗa kamar an yi haihuwa.
Na tone bayan Ƙofar Guga har gwiwata ta san kowace ƙaya,
abin da na tara bai rufe gindin kwano ba:
anini biyu, sisi guda, da maɓallin rigar wani ɗan doka.

Ran Laraba na je wurin Hambali a 'Yar Kutungu.
Ya jera mini uku a kan benci, yana shafa su.
"Wannan tana jin kwabo a zurfin kamu guda.
Wannan ruwa bai dame ta ba, shiga fadama da ita.
Wannan kuwa, Malam Ɗahiru, ta yi makaranta,
tana da allo mai lamba, ta san tagulla, ta san azurfa.
Baƙin ƙarfe ko kallo bai ishe ta ba,
sai ta wuce shi shiru,
kamar attajiri ya hango abokin ƙuruciya."

Na ɗaga ta, ba nauyi, kafaɗata ta ce amin.
Na tambayi kuɗi, kafaɗar ta janye amin ɗinta.

A gida Tasalla tana tsintar wake, ba ta ɗago ba.
"Fanshon wata nawa?"
Na ce, "Huɗu."
Ta hure faifai, ta ce, "Madalla.
Mai kashe fam don ya tono kwabo, Allah ya ba da sa'a.
In ka ci karo da tulun zinariya,
ka tuna rufin madafa yana yoyo tun bara."

Na kwana ina lissafi da yatsu a duhu.
Da safe rago ya tafi kara, kuɗin adashe suka bi shi.

Bayan ruwan shuka na fita hanyar Kaita,
wata gona da dattawa suka ce dā unguwa ce.
Taku ɗari, shiru.
Taku ɗari biyu, ba na jin komai sai numfashina.
Can ta yi wani ɗan sauti mai ladabi, lamba ta fito.
Na tona: kwabo mai huji, kore shar da tsufa.
Gaba kaɗan, rabin munduwar tagulla.
Hambali bai yi ƙarya ba.

Amma shirun nan ya tsaya mini a maƙoshi.
Unguwa guda, a ce mutum biyu kaɗai suka yar da abu?
Na zauna gindin gawo, na lalubi maɓalli,
na buɗe mata kunnen da ke jin baƙin ƙarfe.

Wayyo, ashe ƙasa cike take da magana!
Ruwan fartanya da noma ya cinye, ya koma jinjirin wata.
Makulli wanda ƙofarsa ta daɗe da zama turɓaya.
Ƙyastu. Guntun linzami. Basilla.
Mutanen nan ba su bar zinariya ba, ba su da ita.
Abin da hannunsu ya riƙe har ya yi kanta,
shi na biya fansho huɗu don kada in ji.

Da magariba na juye jakar a kan tabarma.
Tasalla ta ture kwabon gefe da ɗan yatsa,
ta ɗauki basillar, ta daɗe tana juya ta.
"Irin ta kakata ce, da ita take ɗinke ƙwarya."
Ta goge ta da bakin zane, ta sa a cikin kwalla,
ba ta tambaye ni ba.

Madafa tana nan tana yoyo.
Tsohuwar sandar na ba Lawandi, ɗan maƙwabcina.
Ga shi can bayan gida tun hantsi,
ya sami ƙusa bakwai, yana ta ihu.