Kilo Bakwai da Rabi

Ƙarfe biyun dare a ɗakin yara,
ruwan Agusta na dukan kwanon rufi,
sanyin Jos ya biyo ƙasan ƙofa
ya zauna a yatsuna.

Na ɗora Dalyop a sikeli:
kilo bakwai da rabi.
A aji lamba ce a allo,
nan kuwa tana da ido, tana numfashi sama-sama.

Sista Kangyang ta ce, "Lissafa."
Na lissafa. "Sake."
Ashe ɗigo ya goce daga mazauninsa,
ninki goma na abin da jikinsa zai ɗauka.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta aza farce a kan ɗigon:
"Yaro ba guntun babba ba ne,
ba a auna masa da ka."

Uwarsa, mai dankali a Farin Gada,
ta kwance bakin zane,
ta nuna mini kwalbar kemis,
babu suna, saura rabi.
Da wane baki zan yi mata faɗa?

Na zuƙo maganin a sirinji,
na ɗaga wa fitila,
na kori kumfa da ɗan yatsa,
na karanta sunan sau uku.

Da asuba zufa ta karyo masa.
Ya cafki agogon ƙirjina ya ja,
sannan ya nemi nono.

A fayil na rubuta: zazzaɓi ya sauka.
Sauran kuwa,
ba a koya mana layin da ake sa shi ba.