Sauransu

Danfo ta tsaya cik a Ojota.
Ruwa na ɗiga daga rufi zuwa kafaɗata,
kwandasta ya gaji da ihu ya jingina da ƙofa.
Na zaro waya don kashe lokaci,
manhajoji uku suka zuba min ido.

Koriyar, Sidi ƙanena ne ya saka min ita
ranar da ya tarar ina lissafi a bayan kwalin maganin sauro.
Ba ta riƙe ko sisi, baki ne da ita.
Duk daren Asabar sai ta zana faifai ta yayyanka shi:
ga na mota, ga na data, ga na shayi.
Dubu goma sha ɗaya a teburin Ilu mai shayi!
Na ce ƙarya take. Na zauna na ƙirga ƙwai.
Gaskiyarta ce, kuma har yau ban yafe mata ba.

Shuɗiyar asusu ce mai kwaɗo.
Ka zuba, ta kulle, ta haɗiye makulli wata uku.
Na sa mata albarka lokacin da tattasai ya yi daraja.
Na tsine mata ranar da mota ta kwana biyu a Jebba,
kwando arba'in suka iso kasuwa suna zubar da ruwa.
Na roƙe ta da yatsa har gilashi ya ɗau zafi,
ta ce saura kwana goma sha tara.
Akwai ɗan ƙarin da take ɗorawa a kai;
na tambayi Malam Zubairu, ruwa ne ko riba?
Ya juya wayar gaba da baya,
ya ce in dawo bayan Juma'a.

Jar kuwa, fara'a kamar dillali.
Ba ta tambayi asalina ba, ba ta nemi mai tsaya min ba,
minti huɗu kuɗi sun faɗo.
Ashe ta kwashe lambobin mutanena kaf.
Gwadabe na rumfar gefe ya makara da kwana biyar,
ta aika wa surukinsa a Gusau cewa ya gudu da kuɗin mutane.
Tun ranar nake kallonta kamar kunama a takalmi.
Ban goge ta ba.
Na san wannan ba dabara ba ce.

Da can Iya Tawa ce bankinmu.
Ta zo da la'asar, lema a hammata,
ta ja maka layi a kati da jan biro,
zubin kwana ɗaya ladan ƙafarta.
Hausarta guntuwa, Yarabancina guntu,
amma daren da aka ce sai an yi wa Balaraba aiki,
kafin in gama bayani ta kwance bakin zane.
Bara gwiwa ta zaunar da ita,
ta koma Ikorodu wajen 'yarta.

Ga abin da ya tsaya min a maƙogwaro.
Duk farkon wata ina tura wa Inna nata a Ƙauran Namoda.
Koriyar tana da gidan haya, gidan sutura,
gidan shaƙatawa, har da na abincin kare,
amma kuɗin Inna sai ta jefa su a Sauransu,
tare da na ban-ɗakin kasuwa
da na 'yan tasha masu dukan mota.
Jiya ma shawara ta ba ni, cikin ladabi,
wai in rage Sauransu da kashi ashirin.

Mota ta motsa taku uku, ta sake tsayawa.
Kwandasta ya miƙo hannu.
Na ce in tura maka? Ya nuna min sama,
babu sabis, kuma shi takarda ya sani.
Na lalubo jiƙaƙƙiyar ɗari biyar a aljihun ciki,
ya karɓa, ya ce canji sai mun sauka.

Wannan ma ban san gidan da za ta sa shi ba.