Laraba a Laburaren Kumo

Kwana uku aka tura mu Gombe,
mu goma sha bakwai, ma'aikatan laburare,
wai a koya mana karɓar tsofaffi.
Na ce a raina, wannan ma sai an koya?
Ka rusuna, ka gaisar, ka ɗaga murya,
ka nuna musu benci. Shi ke nan.

Malama Rifkatu ba ta yi dogon jawabi ba.
Ta raba mana tabarau shafe da man kaɗe,
ta ce mu toshe kunnuwa da auduga,
sannan mu nemo littafin kiwon kaji
can saman kanta.
Na yi ta lalube, na take ƙafar Gidado na Bajoga,
haruffa suka koma tururuwa cikin ruwa.
Muka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Washegari ta karɓe tabaranta.
"Jiya kun koyi rabi," in ji ta, "rabin mai sauƙi.
Ido ne ya gaji, ba mai idon ba.
Kafin ku riƙe wa mutum hannu,
ku tambaye shi inda ya nufa."

Na dawo Kumo da takardar shaida
da kunyar da ban gaya wa kowa ba.
Na sauko da littattafai daidai ƙirji,
na roƙo kujeru huɗu masu hannu daga sakatariya,
na matsar da tebur kusa da taga.
Allon nan mai cewa A YI SHIRU
nakan kifa shi duk ranar Laraba.

Farkon zuwa Malam Bappayo ne,
shekara talatin da ɗaya a reluwe,
kan kekensa, ya ɗaure bakin wando da roba.
Na taso zan tare shi, sai na tuna. Na tsaya.
Ya buɗe taswira, ya ɗora yatsa:
"Yarinya, sun manta tasha guda a nan.
Ni na kwana cikinta, damina biyu."
Na miƙa masa fensir.

Goggo Dudu ungozoma ba karatu ta zo yi ba.
Sunaye ne a kanta, ɗari uku da wani abu,
duk wanda ya faɗo duniya a tafin hannunta,
tana so a rubuta kafin su fara zubewa.
Tana faɗa, ina rubutawa,
tana gyara min, tana tsaki.
A na tamanin da shida na ji sunan babana.
Ta ce, "Da ƙafa ya zo. Ci gaba."

Saje Lamela kuwa waya ce ta ishe shi.
Mako uku muna fama da ɗan koren maɓalli,
yau ya aika murya Fatakwal wurin jikarsa,
ya maimaita sau biyar don mu ji.
Yanzu shi ke koya wa sauran,
da tsawa, kamar a fareti.

Fom ɗin wata-wata yana tambaya:
littafi nawa aka ara?
Na rubuta tara.
Babu layin da zan sa tashar da aka manta,
ko babana da ya zo da ƙafa.

La'asar ta yi, na ɗauko makulli.
Malam Bappayo bai ko ɗago ba.
"Jirgi ma yakan yi latti," in ji shi.
Na mayar da makulli aljihu,
na jawo kujera.