Rami Biyu, Rami Uku

Na taso daga Damagaram da asuba,
jaka a cinya, kyamara a ƙirji kamar laya.
Batir uku: biyu sun cika tun a Matamaye,
na ukun yana numfashi sama-sama.
A kan iyaka suka duba takarduna, suka duba fuskata,
ba wanda ya gaya mini
iyakar gaske tana gaba, a jikin bango.

Masauki a Fagge, ɗaki na bakwai.
Na zaro abin cajina,
ƙafa biyu, sirara, kamar na zalɓe.
Bango ya zuba mini ido uku masu kusurwa.
Na tura, ya ƙi.
Na lallaɓa, ya ƙi.
Harshenmu ɗaya da masu gidan nan,
tuwonmu ɗaya, alƙiblarmu ɗaya,
amma Bafaranshe ya bar mana rami biyu,
na Ingila ya bar musu uku,
suka yi tafiyarsu,
suka bar mu tsaye da waya a hannu.

Na ce wa yaron masauki, "Akwai kuran?"
Ya ce, "Kura? Sai gidan zu."
Da ya gama dariya ya ce, "Wuta kake nufi?
Ai tun la'asar suka ɗauke.
Je ka wajen Nafi'u, gefen mai shayi."

Rumfar kwano, ƙaramin inji yana tari.
Wayoyi jere a kan katako
kamar takalma a ƙofar masallacin Juma'a,
kowace da lambarta a goshi.
Nafi'u ya juya abina, ya dubi ƙafafun,
bai tambaye ni garinmu ba, ya riga ya sani.
Ya zare murfin biro daga bayan kunne,
ya danna a ramin sama,
na ƙasa biyu suka buɗe baki.
Ya ce, "Haka gidajenmu suke.
In ka gai da babba, yara sa ba ka hanya."

Jan ido ya kama ƙiftawa.

Na zauna a benci da shayi mai kauri,
ina ƙirga ƙiftawar kamar carbi.
Inji ya shaƙe, ya yi shiru.
Yaro ya ruga da galan,
mutum goma sha suka yi tsaki tare,
har da ni, baƙon da bai kwana ba.

A cikin duhun na ji muryar Baba
daga kan gadon da ya daina sauka:
"Ka je Yakasai, ka nemi Lantana.
Shekara talatin da takwas ina jin ta a waya.
Murya ba ta tsufa yadda fuska ke yi.
Fuskar nake so ka kawo mini."

Sha ɗaya saura, ja ya koma kore.
Na miƙa sefa, Nafi'u ya ɗaga ta ga fitila,
ya mayar mini.
"Wannan ma ƙafarta ba ta shiga a nan.
Ɗauke ni hoto, mu rabu lafiya."

Da hantsi Goggo ta zauna a kan turmi,
ta gyara kallabi sau uku,
ta ce kada in ɗauki hannunta, ya yamutse.
Da na ambaci Baba ta yi dariya,
sai ga wushiryarsa a bakinta.
Na danna.
Na sake dannawa, don hannuna ya yi rawa.

Na sayi mahaɗi a Sabon Gari kafin in juya,
fari, ɗan Sin, mai baki ko'ina.
Yana aiki, ba laifi.
Amma murfin biron yana aljihun gabana,
shuɗi, da sawun haƙoran Nafi'u.
A Kazaure na taɓa shi,
na kunna kyamara, na dubi Goggo,
na kashe da sauri.
Sauran wutar ta Baba ce.